Garmahon Zauren Baffa

Baffana ya cika da hantsi, a tsakiyar kakar tumatir, kafin la'asar mun kai shi gidansa na gaskiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai bar ɗa namiji ba. Ya bar Inna matarsa da 'ya'ya mata uku, duk suna ɗakunansu, sai ni ɗan wansa da ya riƙa tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifina. Don haka ni aka sa a gaban tabarma, duk wanda ya zo ni yake miƙa wa hannu ya ce yaya haƙuri, ni kuma in ce da godiya.

Manoman rani sun zo tun daga Bunkure da Kadawa, wasu a babur, wasu a adaidaita, ƙafafunsu da laka. Baffa ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana riƙe da makullin ƙofar ruwa ta kanal ɗin da ke shayar da gonakin yankinmu, kowa kuwa yana da labarinsa da shi. Wani dattijo ya ce, "Na ga albasar mutumin nan ta kwanta don ƙishi, ruwa yana wucewa ta gefenta, makulli yana aljihunsa. Ya ce ba ranarta ba ce." Wani kuma ya ce ya taɓa kai masa zakara don ya buɗe masa ruwa kafin layinsa ya zo. Baffa ya ɗaga zakaran ya jinjina, ya miƙa masa abinsa ya ce a ƙara masa tsaki, ya rame. Aka yi dariya a zaman makoki, liman ya gyara murya, aka koma addu'a.

Wasu mutum biyu sun zo daga birni a mota. Na san su, 'yan wata ƙungiya ne ta masu son tsohon garmaho da faya-fayai, masu tara su suna aika wa juna hotuna ta waya. Sun daɗe suna zuwa wurin Baffa. Bayan an shafa fatiha ɗayansu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Kayan nan dai suna nan lafiya ko?" Na ce suna nan. Ban ji haushinsa sosai ba, don abin da ke ransa shi ne a nawa ran.

A rana ta biyu Baban hayi ya zo. Haka muke kiran aminin Baffa, wani tsohon Bamaguje da ke zaune a ƙetaren kanal, can inda ruwan ban-ruwa ba ya kaiwa, manomin dawa, mai zuwa coci ran Lahadi. Ya jingine kekensa a jikin darbejiya, ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula. Bai ce wa kowa yaya haƙuri ba. Hawaye kawai suke bin gemunsa, bai ma share ba. Can sai ga ruwa Inna ta aiko masa da shi daga cikin gida, a cikin kwanon shan Baffa, kwanon da tun tasowata ban taɓa kai bakina gare shi ba.

Ni na yi wa Baffa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, amma a wannan lokacin sai na ji kamar ni ne baƙon da ya zo gaisuwa. Zan faɗi gaskiya tun da mamaci nake rubuta wa, ƙarya ba ta da amfani a nan. Ina kishin tsohon nan. Na fi shekara talatin ina kishinsa, kuma garmahon zauren Baffa ne sila.

Garmahon ba irin mai ƙaho ba ne da ake wanawa da hannu. Akwati ne na katako mai ruwan ƙasa, da murfi, a ciki akwai faranti mai nauyi da ke juyawa, da wani siririn hannu na ƙarfe da ke ɗaukar allura ya ɗora a kan faifai. Na lantarki ne, amma wani mai gyaran rediyo a Kura ya yi masa dabara yana aiki da batirin mota. Baffa ya ɗora shi a kan bulo huɗu saboda gara, ya lulluɓe shi da wani tsohon zanen Inna. Faya-fayan suna cikin akwatin ƙarfe a tsaitsaye, don ya ce faifai in ya kwanta a zafi lanƙwashewa yake yi. Kullum bayan ya dawo daga kanal sai ya ɗage zanen ya goge murfin da gefen rigarsa, ya mayar. Bai taɓa kunna shi ba sai ran kasuwa.

Ran kasuwa da hantsi Baban hayi yake zuwa. Tun daga nesa za ka ji yana cewa, "Mai makulli, ka saki ruwan mutane ko kana nan kana shan alhaki?" Baffa ya ce, "Na hayi, shigo ka huta, dawarka ba gudu za ta yi ba." Su shiga zaure, Baffa ya saki asabari ya rufe ƙofa. Jim kaɗan sai ka ji ɗan ƙaiƙayin nan na allura a kan faifai, sannan kukuma ta shigo, ko goge, wani lokacin wani kiɗan ƙaho na mutanen bakin teku da ba wanda ya san abin da suke faɗa. Duk unguwa ana ji. Matan da ke turara shinkafa a bayan gida su rage surutu. Ni kuwa aikina shi ne in ɗauko batir daga wurin caji in ajiye a bakin ƙofa. Ko bayan na yi aure na haifi 'ya'ya haka abin yake. In na ɗan tsaya ina leƙe sai Baffa ya ce, "To Ɗan Yaya, an gode, a gaida mutanen gida." Gidan da zan gaida kuwa taku goma ne daga zauren.

Kafin azahar su gama. Baban hayi ya fito yana gyara wata 'yar battar taba a aljihun gabansa, ya kama keke, ya juyo ya ce, "Mai makulli, damina ta wuce?" Baffa ya ce, "Da saura." Haka suke yi kowane mako, ko da a tsakiyar bazara ne, ƙasa na ƙuna. Mu dai mun ɗauka wasan tsofaffi ne a kan ruwan kanal, tun da a wajenmu shinkafa kore take rani da damina, na hayi kuwa sai sun jira sama.

Na roƙi Baffa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ranar da aka ɗaura min aure na ce ya sa mana faifai ɗaya. Ranar sunan ɗana na fari na sake roƙo. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ɗan Yaya, ajiya ce." Wannan magana ba ta taɓa ba ni mamaki ba. Baffa mutum ne mai yawan tuna Allah. In ka yabi gonarsa ya ce aro ce, in ka yabi lafiyarsa ya ce kwana ne bai ƙare ba. Duk wanda ya ji ya ce garmaho ajiya ce sai ya gyaɗa kai ya ce haka ne, duk abin duniya ajiyar Ubangiji ne. Ni ma haka na fahimta, sai dai a raina ina cewa, to ajiyar Ubangijin nan Bamaguje kaɗai aka halatta wa ya ji ta?

Mutanen birni sun fara zuwa ne bayan wani ya ɗauki hoton garmahon ya sa a waya. Sun tsuguna a gabansa suna karanta rubutun jikinsa, suna kiran sunayen ƙasashe. Ɗaya ya ɗaga farantin ya ga robar da ke juya shi, ya tambaya wannan fa. Baffa ya ce ta asalin ta tsinke tun tuni, shi ya yanko wannan daga tiyub ɗin keke. Mutumin ya riƙe kai kamar an ce masa an yi wa babansa ƙari da fatar akuya. Baffa ya ce, "Yana juyawa ko ba ya juyawa?" Su kuma abin da suka fi so shi ne tarihi, wa ya fara mallaka, daga hannun wa zuwa hannun wa, don a wurinsu wannan shi ne rabin darajar kaya.

Baffa yana jin daɗin ba da wannan labari. Ya ce wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, mai sayen gyaɗa a birni ne ya fara shigo da shi. Da kasuwar gyaɗa ta mutu ya sayar wa wani Bature injiniya, cikin waɗanda suka zo haƙa kanal. Baturen nan a tanti yake kwana a bakin aiki, amma bai yarda ya rabu da kiɗansa ba. Da aiki ya ƙare zai koma ƙasarsu, kaya suka yi masa yawa, sai ya bar wa kukunsa garmaho da faya-fayai. "Daga nan kuma," in ji Baffa, "ya zo zauren nan." A nan yake tsayawa kullum. Su rubuta a wayoyinsu, Kwara, Bature, kuku, Baba. Su yi tayi, ya ce ajiya ce, su ce Allahu akbar, tsofaffin da ke nan. Su ce to a kunna su ji, ya ce kallo kyauta ne, ji kuwa sai ran kasuwa, daga waje.

A irin wannan zuwan ne ɗayansu ya duba hannun ƙarfen ya ce, "Baba, ina kan allurar?" Ashe a ƙarshen hannun akwai wani ɗan kai da ake murɗawa a cire, shi ke ɗauke da allura, in babu shi faranti zai yi ta juyawa ne kawai ba sauti. Baffa ya ce, "Yana inda yake." Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Wato Baffa cire kan yake yi ya ɓoye a ɗakinsa don kada in kunna in ba ya nan. Ni da nake noma masa gona, nake kai shi asibiti, ni ake ɓoye wa allura kamar ɓarawo.

Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na bi mutanen birni har mota, na ce su nemo min irin wannan kan. Bayan wata biyu suka kawo, sabo a cikin ɗan kwalinsa. Na jira Baffa ya dawo daga kanal yana goge murfi, na durƙusa na miƙa masa, na ce tsaraba ce, yanzu sai mu riƙa ji ko ba ran kasuwa ba. Ya buɗe kwalin ya duba, ya rufe.

Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa."

Ya ce, "Mayar musu da abinsu."

A nan shaiɗan ya hau kaina. Na ce, "Baffa, ni da ka riƙa ban kai in ji faifai ɗaya a zaune kusa da kai ba, sai wani Bamaguje da ko alƙibla ba ku haɗa ba?"

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Maimaita." Ban maimaita ba. Ya ce, "Mutumin da kake faɗa ya riga ka shiga zauren nan. Tashi ka ba ni wuri."

Ranin nan gaba ɗaya in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Ran kasuwa da kansa yake zuwa ya ɗauko batir a kan keke, yana tsufa yana haki, ni ina kallo daga ƙofata, girman kai ya hana ni tashi. Kan allurar kuwa ban mayar ba. Na jefa shi ƙasan akwatina, na ce ai akwai ranar da garmahon zai zama nawa. Baffa ba shi da ɗa namiji, ba shi da ɗan'uwa a raye, in an fitar wa Inna da 'ya'yansa nasu ni ke ɗaukar saura. Allah ya yafe min, na yi wannan tunanin yana raye yana tafiya da ƙafafunsa.

Tumatir ne ya sasanta mu. A ƙarshen ranin ya yi yawa a kasuwa, motocin kudu ba su zo ba, kwandunana suna jere a bakin titi suna zubar da ruwa. Na zauna a gefensu na rasa abin yi. Sai ga Baffa da wuƙa biyu da tsofaffin buhuna a hammata. Ya shimfiɗa buhu, ya jawo kwando, ya fara tsaga tumatir yana shanyawa. Ya turo min wuƙa ɗaya da ƙafa. Mun fi awa muna yi kafin ya ce, "Ɗan Yaya, tumatir da fushi halinsu ɗaya, in ka bar su a kwando ruɓewa suke yi. Tsaga ka shanya." Kwana huɗu yana zuwa, har bayansa ya riƙe. Kauɗar da muka yi ita ta riƙe gidana har damina. Ran kasuwar da ta biyo baya na ɗauko batir na ajiye a bakin ƙofa, ya ce an gode, a gaida mutanen gida, asabari ya sauka.

Haka Baffa yake. Zai ba ka bayansa da kwanakinsa, amma abin da ya ce a'a a kansa, ko za ka mutu a'a ne. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya amsa sallama yana tafiya sai ya tsaya cak. In yara suna wanka a kanal ya kore su da tsawa, in sun fito ya saya musu rake. Ya ƙi jinin a ce masa "ai kowa ma haka yake yi." Sai ya ce, "To je ka kira kowa ɗin ya zo ya faɗa da bakinsa." A ciwonsa na ƙarshe, da ƙafa ta daina ɗaukarsa, ya sa na mayar da shimfiɗarsa zaure. Ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu a baki. Ran kasuwa Baban hayi ya zo, Baffa ya dube ni da idon da ya faɗa, ya ce, "A gaida mutanen gida." Na fita na zauna a bakin kwalbati ina jin kukuma ta cikin asabari, na yi kuka, kuma ba na tausayi ba ne kaɗai.

Bayan sadakar arba'in aka kira malami don rabon gado. Bazara ta kankama, ko iska ba ta motsi. Aka taru a zaure, 'yan'uwana mata da mazajensu, Inna tana daga bayan ƙofar cikin gida. Kafin malam ya buɗe baki na riga kowa. Na ce ni ba na jayayya da kowa a kan gona ko gida, abu ɗaya nake so a sa a rabona, na nuna zanen da ke kan bulo.

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba ya cikin gado. Ajiya ce."

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Inna. Mu kanmu ajiya ne, ranar da Mai shi ya so sai ya karɓi abinsa."

Inna ta ce, "Ba wa'azi nake yi ba, Malam. Ajiyar mutum ce. Mai shi yana nan da ransa, na aika a kira shi."

Ba a daɗe ba muka ji ƙarar keke a jikin darbejiya. Baban hayi ya shigo ya zauna inda ya saba, kusa da bulo. Malam ya tambaye shi, ya ce eh, nasa ne. Ya ce yana saurayi ya yi wa wani Bature kuku a bakin aikin kanal. Da aka bar masa garmaho ya kai shi hayi, sai damina ta faɗi, ɗakinsa na ciyawa ne, yana yoyo ta ko'ina. A duk mutanen da ya sani a bakin aiki, mai makulli ne kaɗai ke da zaure mai rufin kwano, kuma shi kaɗai ne in an ci abinci ba ya ware masa kwano daban. Ya ɗoro akwatin a ka ya kawo, ya ce a ajiye masa har damina ta wuce.

"Da kaka ta yi na zo ɗauka," in ji shi. "Na ce damina ta wuce. Ya nuna min shinkafa kore a bakin kanal ya ce da saura. Na gane ba ya son in daina zuwa ne, ni ma ban so ba. Muka bar shi a haka."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da battar nan ta taba, ya buɗe. Ba taba a ciki. Auduga ce, a tsakiyarta ɗan kan allura. Ya ce, "Wannan mai makulli ne ya cire da hannunsa tun ranar farko ya ba ni. Ya ce ajiya ba a morar ta a bayan mai ita, shi kuma yana son kiɗan nan, bai yarda da zuciyarsa ba. Ya ce in riƙe, in na zo mu ji tare."

Na zauna ina kallon battar. Shekara arba'in da wani abu garmaho yana zauren Baffa, yana goge shi kullum, bai taɓa jin faifai ɗaya shi kaɗai ba. Duk ranar da ya ce min ajiya ce, gaskiya tsagwaronta yake faɗa min, ni kuma ina jin wa'azi. Na ce wa Inna me ya sa ba a taɓa faɗa min ba. Ta ce, "Ɗan nan, sau nawa ya faɗa maka? Kai ne ba ka taɓa tambayar ajiyar wa ba."

Mai karatu zai zaci a nan kishina ya mutu. Wallahi ƙaruwa ya yi. Da ina kishin tsohon nan a kan akwatin katako, ina lallashin kaina cewa wata rana zan gaje shi. Yanzu na ga abin da ke tsakaninsu ba ya shiga gado, ba a raba shi, kuma an binne rabinsa. Ni Baffa ya riƙe ni don ni ɗan wansa ne, dole ce ta zumunci. Shi kuwa ba dangin iya ba na baba, Baffa ya riƙe shi da ƙaryar damina har mutuwa.

Malam ya gama rabonsa ya tafi. Na tashi na tare wani mai adaidaita a bakin titi, na ce ya zo ya kai kaya hayi, don ban ga amfanin jan magana ba. Na dawo na tarar Baban hayi ya ɗage zanen. Ya ce, "Akwai wuta a batirin nan?" Na ce akwai. Na haɗa masa, na juya zan fita kamar yadda na saba. Ya ce, "Ina za ka? Zauna." Na kai hannu zan saki asabari, ya ce in bar shi a ɗage.

Ya murɗa kan allurar a jikin hannun ƙarfen ba tare da ya duba ba. Ya zaro faifai ɗaya ya hura, ya ɗora. Wannan kukumar ce da nake ji ta cikin asabari tun ina ƙarami. Daga kusa ashe har numfashin mai waƙar ana ji. Na ji motsin Inna ta zauna a bayan ƙofa. Muka saurara har allura ta kai tsakiya tana ƙaiƙayi. Ya ɗage ta, ya murɗe kan, ya kwantar a auduga, ya rufe batta ya sa a aljihu. Ya mayar da faifan, ya rufe murfi.

Mai adaidaita yana waje yana danna ham. Na tsuguna zan ɗauki akwatin, Baban hayi ya wuce ni ya fita ya kama kekensa. Rana tana tsakiyar ka, ƙasa na ƙuna, ko gajimare ɗaya babu. Ya juyo ya dube ni, idonsa jajir. Ya ce, "Ɗan mai makulli, damina ta wuce?"

Ban taɓa jin wani ya kira ni ɗan Baffa kai tsaye ba sai ranar. Da ƙyar na ce, "Da saura, Baba."

Ya gyaɗa kai ya hau kekensa. Na sallami mai adaidaita, na koma na mayar da zanen Inna a kan murfi.

Kan allurar da na saya ya kwana uku yana kirana daga ƙasan akwati. Zaure ba kowa, batir da wuta, ba mai gani. A rana ta huɗu mutanen birni suka dawo da tayinsu. Na ɗauko ɗan kwalin na miƙa musu, na ce Baffa ya ce in mayar muku, na yi jinkiri. Suka ce to garmahon fa, tun da yanzu ya zama nawa. Na ce ajiya ce. Suka ce haka ne, duk abin duniya ajiya ne. Ban gyara musu ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya buɗe masa ƙofar rahama kamar yadda ya buɗe wa kowa ruwa a ranarsa, ya yafe min abin da na faɗa masa da wanda na ɓoye a rai. Tsohon hayi kuwa har yanzu in na ga ya dafa aljihun nan sai na ji wani abu, ban warke ba. Allah ya ja kwanansa duk da haka. Gobe kasuwa, bari in kai batir caji.